Dunƙule a cikin kyanwa, ta ina ake fara karanta hoton eksire?

Tambayar da wani matashin likitan dabbobi ya turo: "Kyanwa ce mace mai kimanin shekara 11, mai ita da girmanta ya same ta, bai san ko an taɓa cire mata mahaifa ba. Kusan wata biyu tana amai, ta rame sosai, da na lalubi cikin na ji dunƙule mai tauri a tsakiya, zai kai santimita 4. Na ɗauki hoto ɗaya tana kwance ta gefen dama, ina ganin wani farin abu a tsakiyar cikin amma na kasa gane daga ina ya taso. Ta ina zan fara, kuma daga hoton za a iya cewa kansa ce?"

Dakta sannu da ƙoƙari, bari in fara da tambayarka ta biyu tunda ita ce gajeruwa. A'a, ba a kallon eksire a ce wannan kansa ce, wato ciwon daji, ba kai ba, ba ni ba, har wanda ba ya aikin komai sai karanta hoto. Dalili kuwa shi eksire kala biyar kawai ya sani, iska tana fitowa baƙa ƙirin, kitse toka-toka mai duhu, tsoka da ruwa toka-toka mai haske, ƙashi fari, ƙarfe kuma fari fat. Toh ka lura tsoka da ruwa a aji ɗaya suke, kenan ƙarin kansa da jakar mugunya da jakar ruwa da gudan jini da kaluluwar da ta kumbura duk da fuska ɗaya suke zuwa maka a hoto. Abin da hoton zai iya faɗa maka shi ne inda abun yake zaune, da wane ne daga kayan ciki ya haife shi, da ko ya toshe hanji, da ko akwai ruwa ko iska da ke yawo a sake cikin ciki. Waɗannan ma ba ƙananan amsoshi ba ne, su ne za su gaya maka ko gobe tiyata za ka shiga ko kana da sararin yin bincike a natse.

Hoto ɗaya kuma bai isa ba, wannan kam ba na sassautawa a kai. Ka koma ka ɗauki uku, kwanciyar dama, kwanciyar hagu, da rigingine. Hoton gefe yana gaya maka sama ko ƙasa, gaba ko baya, amma bai san dama da hagu ba, ƙulli a fatar ciki ko ƙarin nono ma zai iya hawa kan hanji a hoton ka ɗauka a can ciki yake. Hoton ya kama tun daga tantanin da ya raba ƙirji da ciki har zuwa ƙugu, ka ja ƙafafun baya kar cinya ta rufe maka mafitsara, ka danna lokacin da ta gama fitar da numfashi. In tana fizge-fizge ka ba ta maganin kwantar da jiki mai sauƙi, ya fi a tara mutum uku suna danne ta hannayensu na cikin hasken eksire, ga hoton ya fito a karkace. Nan gaba in na ce gaba wajen kai nake nufi, baya wajen jela, sama wajen ƙashin baya, ƙasa wajen cibiya.

Kafin ka je kan farin abun, fara tambayar kanka ko kana ganin gefunan kayan ciki tsaf. Kitse ne ke zana mana layin kowace gaɓa, in babu kitse ko ruwa ya shiga tsakani sai komai ya haɗe ya zama hazo. Taka ta rame, saboda haka hazon zai iya zama na rama ne kawai, yadda za ka bambance shi ne ka dubi siffar cikin, in ya shafe ya manne da ƙashin baya rama ce, in ya yi tulu ya zazzago ga hazo toh ruwa ne. 'Yan ƙananan maguna da ba su wuce 'yan watanni ba su ma haka hotonsu yake kuma lafiyarsu lau. In hazon a wuri ɗaya ya taru, zagaye da dunƙulen, sauran cikin kuma garau, wannan yana tayar min da hankali fiye da girman ƙarin, sau da yawa alama ce hanji ya fara yoyo a wurin ko kansar ta bazu kan tantanin ciki.

Yanzu ga asalin aikin. Yawancin masu koyo idonsu kan dunƙulen yake kafewa, suna auna shi suna zagaye shi da biro, alhali shi ba abin da zai faɗa. Maƙwabtansa za ka kalla, wa ya ture kuma ina ya tura shi. Kamar ƙaton mutum ne ya kutso cikin taro, ko ba ka hango shi ba, daga yadda jama'a suka matsa za ka san ta ƙofar da ya shigo. Ƙaramin hanji shi ne ya fi saurin matsawa kuma iskar da ke cikinsa tana nuna maka inda ya koma, babban hanji da kashin da ke ciki shi ma ana bin sawunsa cikin sauƙi. Sannan ka yi ƙidaya, ka nemo hanta, tumbi, saifa, ƙoda biyu, mafitsara, babban hanji, ɗaya bayan ɗaya. Duk wadda ka gani da siffarta a mazauninta ta fita daga zargi, wadda ka nema ka rasa ita za ka fara tuhuma.

A kyanwa ƙoda nake fara wankewa ko kamawa, saboda ƙodar kyanwa tana da sake, tana lilo fiye da ta kare, ta hagu musamman, kuma hannu yana kama ta a tsakiyar ciki har a ce an ji ƙari alhali lafiyayyar ƙoda ce aka damƙa. Santimita 4 ɗin da ka ambata ma daidai tsawon ƙodar kyanwa ne, a sikanin tana kamawa daga 3 zuwa 4.3. Toh a hoton rigingine ka auna. Kyanwa tana da haƙarƙari 13 a kowane gefe da ƙasusuwan baya 7 a yankin ciki, ka nemo ƙashin da haƙarƙarin ƙarshe ya rataya a jikinsa, wanda ke biye shi ne L1, na bayansa L2. Ɗora rula a kan jikin L2 daga gaba zuwa baya, ka rubuta, sannan ka auna ƙoda daga kai zuwa kai ka raba. Lafiyayyar ƙoda tana ninka L2 sau 2.4 zuwa 3, tsofaffin maguna da aka yi wa fiɗiya tasu takan sauka har wajen 2 ba tare da wani ciwo ba. A hoton rigingine ake wannan awon, ba na gefe ba, don a na gefe ƙodar da ke sama ta yi nisa da farantin ɗaukar hoton tana ƙara girma a hoto kuma su biyun suna hawa kan juna.

Ƙoda tana zaune ne a waje da tantanin ciki, manne da gadon baya, saboda haka in ta kumbura ƙasa take danna komai. Ta hagu za ka ga ta danna babban hanji ƙasa ta tura shi tsakiya, ta dama kuma farkon ƙaramin hanji take turewa, shi dunƙulen yana nan sama bai rabu da ƙashin baya ba ko da ya yi girma. In duka biyun suka kumbura a kyanwa, limfoma, wato kansar fararen ƙwayoyin jini, ita ce farkon abin da ke zuwa raina, sai FIP, ciwon bairas na maguna da kan kumbura tantanin ciki, sai ciwon nan na jakunkunan ruwa a ƙoda da ake gado wanda ya yi yawa a jinsin Fasha da danginsu, gefen ƙodar yakan yi gargada a irin wannan. In ɗaya ce ta yi girma sumul ɗayar kuma ta ƙanƙance, bi hanyar bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara da ido a hankali, kana neman farin ɗigo ƙarami, wani bai wuce milimita 1 ko 2 ba, tsakuwa ce ta kalsiyam ta toshe, ƙodar ta cika da fitsari. Wannan ba ya jira, ka duba jini a ranar. Akwai kuma wani abu da tsofaffin maguna ke yi, ruwa ya taru tsakanin ƙoda da fatar da ta lulluɓe ta, a hoto sai ka ga ƙatuwar ƙwallo sumul da ta cika rabin ciki, a sikanin kuma ka tarar da 'yar ƙaramar ƙoda tana iyo a tsakiya. Ka ga misalin abin da na faɗa a farko, hoto ba ya raba ruwa da tsoka.

Saifa tana da doka mai sauƙi a kyanwa wadda ba ta aiki a kare. A kare yawanci kana ganin jelar saifa a ƙasan ciki bayan hanta a hoton gefe. A kyanwa saifa 'yar siririya ce, a hoton rigingine za ka gan ta a hagu, ɗan kusurwa uku tsakanin tumbi da ƙodar hagu wani lokaci ta miƙe a jikin bangon ciki, amma a hoton gefe bai kamata ka gan ta kwance a ƙasan ciki ba. In ka gan ta can ka ɗauka ta kumbura sai in sikanin ya ƙaryata ka. Ƙarin saifa yana ɗaga hanji sama ya tura shi baya ko dama. A kyanwa kuma abubuwa biyu ne suka fi kawo shi, ƙarin ƙwayoyin mast (ƙwayoyin garkuwar jiki masu sakin sinadarin histamin) da limfoma, kuma sun fi kumbura saifar gaba ɗaya a kan su yi curi guda. Ka riƙe wannan don amai na cikin alamun na mast ɗin, kuma maguna da yawa suna wuce shekara cikin jin daɗi bayan an cire saifar, saboda haka ba labarin yanke ƙauna ba ne.

Hanta ba zan daɗe a kanta ba tunda ka ce tsakiyar ciki. Tumbi ne ma'auninta, a hoton gefe layin tumbi yana bin layin haƙarƙari ko ya tsaya a miƙe, in hanta ta girma sai ta ture ƙofar fitar tumbi baya da sama, gefenta kuma ya daina kaifi ya yi dunƙul ya wuce haƙarƙari. Abu biyu kawai kar su ruɗe ka, kitsen da ke ƙarƙashin hantar kyanwa mai ƙiba yakan yi tudu ya ɗaga hantar sama, ka duba kalarsa za ka ga ta kitse ce, sannan madaciya takan leƙo ƙasan hanta kamar ɗan ƙulli a kyanwar da ba ta ci abinci ba.

Inda nake zargi a taka shi ne hanji da kaluluwar da ke cikin tantanin hanji, shekaru da amai da rama da dunƙulen tsakiya duk can suke nuni. Ƙarin da ya taso daga tsakiya yana watsa hanji ko ta ina, wasu gaba wasu baya wasu gefe, shi ya zauna a tsakiya, ƙoda biyu da saifa da mafitsara kowa na gidansa. Sai ka matsa kusa da dunƙulen ka nemi iska a cikinsa. In ka ga ɗan layin iska siriri mai karkace ya ratsa ta tsakiyarsa ko ta gefe, musamman in yana nan a wuri ɗaya a hotuna biyu, toh bangon hanji ne ya yi kauri ya matse hanya. In babu iska ko kaɗan ya fi kama da kaluluwa, ko ƙarin da ya tsiro ta wajen bangon. Daga nan ka auna faɗin ƙaramin hanji, a kyanwa bai kamata ya wuce milimita 12 ba daga waje zuwa waje. Abin da na fi dogara da shi ma ba lambar ba ce, ganin hanji iri biyu ne a ciki ɗaya, wasu madaukai sun buɗe sun cika da ruwa da iska wasu kuma sun tsuke ba komai, wannan toshewa ce har sai an tabbatar da akasin haka.

Akwai wata alama da nake so ka nema da gangan don ba ta kiran ido. Dab da dunƙulen, ta ɓangaren da abinci ke zuwa, wani lokaci za ka ga tarin ƙananan fararen ɗigo-ɗigo kamar tsakuwa sun taru cikin madauki ɗaya da ya buɗe. Abin da ke faruwa hanya ta tsuke amma ba ta rufe ba, ruwa yana wucewa, gutsattsarin ƙashi da sauran abu mai nauyi suna maƙalewa, mako da makonni suna taruwa. Mutane suna ganinsa su ce kashi ne a babban hanji su wuce. Bi babban hanjin tun daga ƙugu ka dawo gaba, in ka same shi daban kuma wannan tarin yana wani madauki daban, toh toshewa ce ta daɗe, kuma a tsohuwar kyanwa adenokasinoma, kansar shimfiɗar cikin hanji, ce ta fi yin haka don ita zobe take yi ta shaƙe hanji, an fi ganinta a jinsin Siyam. In ka kasa raba babban hanji da ƙarami, ɗan tura iska kaɗan ta dubura da sirinji da bututu mai laushi ka sake ɗauka, babban hanjin zai fito baƙi ka huta da gardama.

Limfoma ita ce kansar da ta fi kowace yawa a hanjin kyanwa, amma iri biyu ce kuma hoto bai yi musu adalci ɗaya ba. Mai manyan ƙwayoyi ita ke yin curi a bango ta kumbura kaluluwa, ita hannu ke ji. Mai ƙananan ƙwayoyi kuwa shimfiɗuwa take yi a bangon hanji, eksire ya fito kamar ba komai, kyanwa kuma tana ta ramewa. Kuma dan Allah kar ka rubuta "bangon hanji ya yi kauri" daga hoton da ba a ba da maganin haska hanji ba, ruwan da ke kwance cikin hanji yana haɗewa da bango su zama abu ɗaya, iska ta hau sama, sai ka ga kamar kauri alhali ruwa ne. Kaurin bango aikin sikanin ne. Sannan ba kowane curi a hanji ne kansa ba, akwai wani ciwo na kumburi mai tauri da ƙwayoyin iyosinofil (wani nau'in fararen ƙwayoyin jini) da aka fara bayyanawa a maguna a 2009, yakan zauna a ƙofar fitar tumbi ko mahaɗar ƙaramin hanji da babba, a hannu da hoto har a tiyata kamar kansa yake, amma magani yana yi masa aiki. FIP marar ruwa shi ma yana yin curi a wannan mahaɗar, ƙullin gashi da ta lasa ta haɗiye yana toshe hanji, hanji yana shigewa cikin ɗan'uwansa ya yi dunƙule mai tsawo duk da an fi ganin haka a ƙanana. Ka ɗaga harshenta ma ka duba ko zare ya naɗe a gindinsa, zare yana tattare hanji wuri ɗaya ya ba hannu jin dunƙule, a hoto kuma iskar ta fito gutsi-gutsi masu lanƙwasa da tsini maimakon zagayayyu.

Tunda ba a san labarin mahaifarta ba, ba ka da ikon cire ta daga lissafi. Lafiyayyar mahaifa ba ta fitowa a hoto. In ta cika sai ka ga bututu mai naɗi ya taso daga tsakanin babban hanji da mafitsara, ya raba su, ya tura ƙaramin hanji gaba da sama. Ƙasusuwan 'ya'ya ba sa fitowa sai ciki ya kai wajen kwana 40, cikin kyanwa kuma kwana 63 zuwa 65 ne, kenan kafin wannan lokacin ciki da mahaifa mai mugunya hotonsu ɗaya ne sak. A shekara 11 da amai da rama mugunyar na fi tsoro, kuma kyanwa tana da tsafta, tana lashe abin da ke fita, mai ita ba zai taɓa ganin komai ba. Aske cikin ka nemi tabon tiyata a tsakiya ko a gefe. Mafitsara kuma ta kyanwa tana zama gaba fiye da ta kare saboda wuyanta dogo ne, in ta cika takan kai cibiya, ka tabbata ka gan ta daban da dunƙulen. Da muzuru ne ma da ba ka ɓata lokaci kan furostet, glandar da ke wuyan mafitsarar namiji, ba, ba ta fitowa a hotonsu kuma da wuya ta yi ciwo.

Sai abubuwan da ke kama da ƙari alhali ba ƙari ba ne, waɗanda suka sa an buɗe cikin maguna da yawa a banza, kama da wane ba ta wane. Na farkonsu ya shafe ka kai tsaye tunda hotonka na kwanciyar dama ne. Ƙofar fitar tumbi tana dama, in kyanwa ta kwanta a dama ruwan tumbi yana gangarowa ya cika ta, sai ta fito zagayayya sumul a gaban ciki, bayan hanta kaɗan, kamar an ajiye ƙari. Juya ta hagu ka jira minti biyu ko uku ka sake ɗauka, iska za ta hau ta cika wurin, farin dunƙulen nan ya koma baƙin zobe. In ya koma toh tumbi ne, in yana nan fari ka ci gaba da tuhuma. Tumbin da ba komai ciki shi ma yakan dunƙule, a kyanwa har kana ganin layin kitse siriri cikin bangonsa, lafiya ne. A mai ƙiba kitse yana tattara ƙaramin hanji ya kai shi dama a hoton rigingine, hagu ya zama fili, sai a ce ai wani abu ne ya ture shi, alhali kalar filin ta kitse ce. A irin waɗannan ma reshen hagu na fankiriyas, glandar da ke samar da ruwan narkar da abinci, yakan fito tsakanin tumbi da saifa da ƙodar hagu. Sai busasshen kashi, wanda hannu ke ji kamar dutse, a hoto yana da ɗigon iska a jikinsa kuma yana cikin layin babban hanji, in kana shakkar babban hanjin ya buɗe fiye da kima auna faɗinsa da tsawon L5, ƙasa da 1.3 lafiya, in ya kai wajen 1.5 ya saki.

Farare biyu kuma da ke firgita mutane ba dalili. Ɗan zagayayyen abu mai farin ɓawo da duhu a tsakiya, yana yawo cikin kitse ba ya jikin kowa, mataccen kitse ne da ya daskare, ana yawan samunsa a tsofaffin maguna, a bar shi. Sai farin ɗigo a gaban ƙoda ta ciki, kalsiyam ne a 'yar glandar adirinal, a kare yana sa a yi tunanin ƙari, a tsohuwar kyanwa kuwa tsufa ne kawai mafi yawan lokaci.

Abu ɗaya da ba a yafe a rasa shi, iska a sake. Duba tsakanin hanta da tantanin ƙirji, in ka ga baƙin layi ya raba su har kana ganin tantanin ta fuska biyu, ko ƙananan kumfa masu kusurwa a inda ba hanji, kuma ba a yi mata tiyata ko huda ciki kwanan nan ba, toh hanji ko tumbi ya fashe. Ƙarin hanji yana fashewa, limfoma ma tana yi. A nan ba sauran jiran sakamako, ruwa a jijiya, maganin kashe ƙwayoyin cuta, tiyata. Kuma in akwai ko ɗan zargin fashewa kar bariyom, farin maganin haska hanji, ya shiga bakinta, in dole sai an haska a yi da mai ayodin. Ni a kyanwa mai amai ma ba na son bariyom gaba ɗaya, shaƙarsa take yi ya tafi huhu, ga shi yana ɓata sikanin da za a yi bayansa.

In ni ne a wurinka ga yadda zan yi gobe. A hana ta abinci na dare ɗaya kawai, awa 12 ya isa, kyanwar da ta rame ba a ja mata yunwa don hantarta tana saurin cika da kitse. Hotuna ukun ciki, ka ƙara da na ƙirji tunda tana kan tebur, kana neman ƙulli a huhu, ruwa a ƙirji, ko kumburin kaluluwar da ke saman ƙashin ƙirji, wadda a kyanwa daga ciki take karɓar ruwa shi ya sa ciwon ciki ke tayar da ita. Huhu mai tsafta a hoto bai wanke ta ba, ƙananan ƙulli na 'yan milimita ba sa fitowa. Lalubi nonuwanta ɗaya bayan ɗaya, ƙarin nono a kyanwa fiye da 8 cikin 10 mugu ne. Jini, fitsari, gwajin FeLV da FIV, bairas biyu masu raunana garkuwar maguna, da na tayirod, glandar wuya, tunda shekarunta sun kai kuma shi ma yana kawo amai da rama. In akwai ruwa a ciki ja kaɗan da allura ka duba, rawaya mai yauƙi FIP yake nunawa, kuma yanzu FIP yana da magani ba kamar da ba.

Bayan nan sikanin, shi zai nuna maka ko layukan bangon hanji sun ɓace, kuma da shi za ka kai allura cikin dunƙulen ka tsotso ƙwayoyi a shafa a gilashi. Limfoma mai manyan ƙwayoyi da ƙarin mast suna saurin bayyana ta wannan hanya, in saifa za ka soka kuma kana zargin mast ka fara ba da maganin hana aikin histamin. Adenokasinoma da wancan ciwon mai tauri ba sa sakin ƙwayoyi sosai, sau da yawa sai an yanko nama. In hanji ya toshe ba sai ka jira allura ba, ka shiga ka yanke wurin da isasshen gefe, ka ɗauki kaluluwa da ɗan hanta ka tura duka a duba. Kuma kar ka fara furedinisolon, maganin rage kumburi, kafin ka ɗauki samfur, nasan mai ita zai matsa a ba ta wani abu ta samu sauƙi, amma yana narkar da ƙwayoyin limfoma ya bar ka da sakamakon da ba ya cewa komai, maganin amai da ruwa da maganin ciwo na maguna sun isa riƙe ta, ka kuma ja masa kunne kar ya ba ta farasitamol a gida don kashe kyanwa yake yi. In ka ɗauki sauran hotunan ka turo min su ukun tare, da awon L2 da na ƙoda biyun da faɗin madaukin hanjin da ya fi kowane buɗewa, mu duba.